Sanɗar Baba Tanko

Ku yaran yanzu in an ce sanɗa, ɓarawo ke faɗo muku a rai, ko kyanwa ta nufi kaskon suya, ko wani ja'irin da ya daɗe a yawo yana tsoron uwarsa ta ji shigowarsa. To, a gidan da na tashi sanɗa sana'a ce. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka yi mana sutura, kuma ita ce ta ja mana sunan nan da har yau kuke sunkuyar da kai in an ambace shi. Na san abin da kawunku Sani ya gaya muku kafin Allah ya karɓi abinsa, cewa ni Kulu, ni na ɗauki sunan gidanmu na jefa a kwata. Allah ya jiƙan Yaya Sani, ba zan yi jayayya da wanda ke kwance ba. Amma ni ma Allah ya tsaga mini baki, kuma a gaban idona aka yi komai, don haka ku gyara zama ku ji nawa.

Kakanku, Baba Tanko, maharbi ne, ɗan maharbi. A ƙauyenmu da ke gefen Zango, har zuwa garuruwan da ke ƙetaren iyaka, in ana zancen iya tafiyar daji shi ake kawowa misali. Ba shi da yawan magana, amma in ka kuskura ka haɗa masa sanɗa da laɓe a gabansa, ranar za ka ji bakinsa.

"Laɓe aikin malalaci ne," in ji shi. "Mai laɓe zama yake yi ya jira abu ya zo ya same shi. Mai sulalewa kuma gudu yake, bai so a gani. Mai sanɗa shi ke zuwa wurin abu, abin na kallonsa, amma bai san ana zuwa ba."

Ya koya wa Yaya Sani, ni kuma ina gefe ina satar ji, don ba a koya wa mace. Gefen ƙafa ake fara ajiyewa, a lalubi ƙasa ko akwai kara ko busasshen ganye, sannan a saki nauyin jiki a hankali. Iska kullum a fuska, kada ta kai wa naman daji warinka. In ba ka gane inda ta dosa ba, sai ka ɗebi ƙasa ka saki ka gani. Dabba ta sunkuya kiwo, ka matsa. Ta ɗago kai, ka daskare, ko da ƙafarka ɗaya na sama, haka za ta zauna har sai ta sake sunkuyawa. Sai kuma babban kayan aikin, kan burtu. Ku da kuka tashi a birni ba ku san burtu ba: wani ƙaton baƙin tsuntsu ne mai jan maƙogwaro, yana yawo a ƙasa yana tsince-tsince, kuma namun daji ba sa gudunsa. Maharba kan busar da kansa, su kafa shi a kan lanƙwasasshen icce, su ɗaura a goshi, su yafa baƙin zane su duƙa. Sai mutum ya riƙa tafiya yana sunkuyar da kan yana ɗagowa kamar mai cin fara, har ya shiga tsakiyar bareyi. Na taɓa ganin Baba ya gwada a bayan gida ina 'yar ƙarama, na san sarai ubana ne, amma sai da na saki fitsari. Kuma ku riƙe wannan: na girma a gidan nan, na yi aure, na haihu, ban taɓa jin takun ƙafarsa ba, sai dai in waiga in gan shi.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a. Ubanku ya rasu, na gama takaba na kwaso ku muka dawo gida, don Inna ta riga mu gidan gaskiya, babu mai duba Baba. An sa ranar yayarku Saude da wani yaron kirki mai sayar da hatsi, sai bayan kaka za a yi biki. Gari kuwa ya ɗauki zafin addini. An daina kiɗa a wurin biki, samari sun shiga aikin agaji, Yaya Sani ma da furfurarsa ya shiga, har da ɗinka kaki. Shi ya tattara layun Baba da gurayensa da ƙahonnin magani ya cinna musu wuta a tsakar gida. Baba na zaune yana kallo. Amma da aka zo neman kan burtu, sama ko ƙasa aka rasa. Yaya Sani ya birkice ɗakin har ƙarƙashin gado, ya haƙura.

A lokacin daji ya riga ya ƙare, gonaki sun cinye shi, ko zomo sai an sha wuya. Hankalin Baba ma ya fara tafiya. Yakan kira ni da sunan Inna, yakan tambayi karensa da ya mutu tun ina budurwa, ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Kansa ya manta komai, ƙafafunsa ne suka ƙi mantawa. Da rana tsaka, lokacin da gari kan yi tsit, kowa ya nemi inuwa, lokacin da manya ke hana yara fita wai masu abu, wato aljanu, na yawo, a lokacin shi yake tashi. Mata na daka a cikin gida, sai ɗaya ta ɗago ta gan shi tsugune a gindin turmi, babu wadda ta ga shigowarsa. Kaji na kiwo zai ratsa tsakiyarsu, ko ɗaya ba ta matsawa. Karen maƙwabta da ke haushin inuwarsa ma, Baba zai je har kansa yana kwance ido biyu, ya shafa kunnensa, sai a sannan karen zai zabura ya ruga yana kuka. Daga dabbobi ya koma mutane. Kana tsaye kana alwala ko kana sassabe, sai ka ji yatsa mai sanyi a ƙeyarka. Ka waiga, ga Baba Tanko yana murmushi, ya juya ya tafi abinsa. Haka yake yi wa Yaya Sani yana yaro in yana gwada shi, ni na sani. Mutanen gari ba su sani ba, ko kuma sun sani suka ga dama suka manta.

Da fari dariya ake yi. Daga baya dariyar ta ragu. Na fara lura in na doso rijiya hira takan mutu, mace ta jawo ɗanta ta saka a gaba. Wata tsohuwa, da nake zaton ƙawar Inna ce, ta ce da ni cikin raha, wai mutumin da kare ba ya jin zuwansa, a bincika ko yana da inuwa. Na ce mata inuwarsa ta fi tata tsawo, na ɗauki tuluna. Amma na dawo gida na san inda irin wannan raha take sauka.

Sai na yi dabara irin tawa. Ranar kasuwar Zango na sayo 'yar ƙararrawa irin wadda ake rataya wa tumaki, na ɗaura masa a idon sawu da igiyar rama. Kunya kamar ta kashe ni, ubana guda, amma na ce gara a ji zuwansa. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya bar ni na ɗaura. Washegari ina tankaɗe a tsakar gida, kunnena na wajen ɗakinsa, ina jiran in ji ƙara, sai na ji yatsa a ƙeyata. Wallahi rariyar sai da ta suɓuce. Yana tsaye a bayana, ƙararrawar na ƙafarsa. Na durƙusa na duba ko ya cusa mata auduga. Babu komai a ciki. Na kaɗa ta da yatsa, ta yi ƙara har akuya ta ɗago kai. Ya ratsa tsakar gidan nan ya koma ɗaki ina kallon ƙafar, ƙararrawar na lilo a hankali, ba ta ce ƙala ba. Ni da na san sana'a ce, ranar sai da tsigar jikina ta tashi. To, ina ga wanda bai sani ba? Labarin ƙararrawa ya zaga gari kafin la'asar, maganin da na yi ya zama ƙarin ciwo, na kwance ta na jefa a rumbu.

Ana cikin marka, gero ya fi mutum tsawo, abin ya faru. Maƙwabciyarmu Lantana, ƙawata tun muna wasan 'yar tsana, tana da 'ya guda ɗaya tilo da ta rayu bayan ta binne huɗu, sunanta Zinatu, ba ta wuce shekara bakwai ba. Ta aike ta tsinko tafasa a bakin gona. Yarinya na tsugune tana tsinka, sai ta ga wani ƙaton baƙin tsuntsu ya leƙo daga cikin gero, yana sunkuyawa yana ɗagowa. Ba ta gudu ba, kallo ta tsaya yi, don yara ma ba sa tsoron burtu. Tsuntsu ya yi ta matsowa har ya zo dab da ita. Sai ya miƙe tsaye, ya zama mutum, ya miƙo hannu ya taɓa mata wuya. Ihun da ta yi har a rijiya an ji. Ashe a cikin kogon kukar bayan gari Baba ya ɓoye kan burtun duk tsawon watannin nan. Da aka kawo mini shi, abin na ɗaure a goshinsa, yana ta murna, wai ya kai ga barewa har ya taɓa ta.

Kafin magariba zazzaɓi ya rufe Zinatu. Kashegari ta fara sanƙarewa, ido ya juye, haƙora suka datse, in ta farfaɗo ba abin da take faɗi sai, "Ga shi nan, Baba Tanko, ga shi nan ya zo." Shi ke nan. A ƙasarmu in majiyyaci ya kama sunan mutum, an gama shari'a. Da hantsi na ji hayaniya a ƙofar gida, na leƙa ta zana, na ga maza da mata, wasu da sanduna. Kalmar da aka daɗe ana taunawa a ɓoye, ranar aka tofar da ita a fili: maye. Ya kama kurwar yarinya, ya fito ya tsallake ta. Ku da ba ku ga ana yi ba, al'adar ita ce a kwantar da majiyyaci a ƙasa, wanda ake zargi ya tsallake shi, wai da haka yake sakin kurwar da ya kama. Sau da yawa ma tuɓe mutum ake yi tsirara.

Yaya Sani ya fita da kakinsa ya tare ƙofa. Malam Liman, dattijo mai sanyin murya wanda ya raɗa wa yawancin masu sandunan nan suna, ya iso yana dogara sanda, ya tsaya kusa da shi.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah," in ji Liman. "Jiya-jiya kuka cika mota kuka tafi kabbara an kawo shari'a. To, wannan da kuke nema a wane littafi yake? Wa ya ga kurwa a hannun bawan Allahn nan? Mai ƙara ya tafi gaban alƙali."

"Ni ma can za ni!" in ji Yaya Sani. "Duk wanda ya sake kiran ubana da wannan suna, sai mun tsaya da shi a kotu. Ba mai tsallake kowa a gidan nan."

Gaskiya suka faɗa, su biyun, ban taɓa cewa ba gaskiya ba ce. Mutane suka ɗan ja baya suna gunaguni. Ni kuma na zaga ta baya, na ɗaga zanan da ke tsakaninmu na shiga gidan Lantana. Na tarar da ita a ƙasa, ta rungume yarinyar, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙin turare. Na taɓa jikin Zinatu, kamar garwashi. Na ja fatar idonta, fari fat, tafin hannun ma haka. Na san wannan ciwon. Shi ya ɗauke mini ƙaninku Habibu da damina, a kan cinyata, muna jiran mota. Zazzaɓin sauro ne da ya hau kai ya shanye jini, kuma ba ya jiran alƙali.

"Lantana, tashi mu kai ta asibiti," na ce. "Yanzu-yanzu. Ga babur ɗin ƙanin mijinki a waje."

Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Asibiti? Don su tsira mata allura ta ƙarasa? Kulu, ke ba ki san wanda maye ya kama ba a yi masa allura ba? Ko so kike a rufe maganar da ita?"

"Ke, ki dawo cikin hankalinki! Ni ce fa. Tare muka yi ƙunshin aurenki."

"Shi ya sa nake roƙon ki," ta ce, ta saki yarinyar ta kama ƙafata. "Huɗu na binne. Ki ce da Baba ya sakar mini wannan. Ban ce ya yi da gangan ba, tsufa ne, wataƙila bai san ya kama ba. Ya tsallake ta kawai. In ya tsallake, ko birnin Sin kika ce in kai ta, zan kai."

Na yi mata rantsuwa, na yi mata faɗa, har zagi na yi. Mijinta ya leƙo ya ce ba inda za a kai 'yarsa sai an sake ta. Yarinyar ta sake sanƙarewa a gabanmu, kumfa na fita. Na fito na tsaya a bayan ɗaki, na rasa inda zan sa kaina. Gaba kura, baya sayaki. In Baba ya ƙi, yarinya ta mutu, an ce ya cinye ta, kuma ta mutu ɗin. In ya tsallake aka kai ta asibiti ta tashi, ba wanda zai ce likita ne, cewa za a yi maye ya saki. Kuma maita a wurin mutanenmu gado ce, ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, har jikokin jikoki ake nunawa da baki. Na tuna Saude da ranar da aka sa. Na tuna ku duka. Kada wani ya ce muku ban san abin da nake yi ba, na sani sarai.

Na sami Baba a ɗakinsa, zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa. Kwana biyu bai gane ni ba, amma da na shiga sai ya ce, "Kulu." Na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba, ban san ma ko yana fahimta ba. Ya dubi ƙafafunsa.

"'Yar wa na tsorata?"

"'Yar Lantana, Baba."

"Mai kawo mini gyaɗa?"

"Ita."

"Barewa na gani," ya ce a hankali. "Wallahi barewa na gani, Kulu." Hawaye ya gangaro masa. Sai ya goge da hannun riga, ya dube ni da idon nan nasa na da, wanda na yi shekara ban gani ba. "In na tsallake za su kai ta?"

"Za su kai."

"Sunan fa ba ya wankuwa."

"Na sani, Baba."

"Ba kaina na fi ji ba, ni na kusa tafiya. Ku ne."

Na ce masa na ji, na ɗauka. Ya ce in miƙo masa hularsa.

Da Yaya Sani ya gan mu mun fito, hannuna cikin na Baba, ya sha gabanmu. Ya ce in na wuce da shi, ba shi ba ni har abada. Baba ya ɗaga masa hannu kawai, irin yadda yake yi masa a daji in yana so ya tsaya, sai ga Yaya Sani, mai jikoki, ya daskare a wurin. Na ce da Malam Liman sharaɗina biyu: ba mai taɓa rigar ubana, kuma a tayar da babur ya tsaya a ƙofa da mai riƙe yarinya a kai. Liman ya dube ni, ya ce, "Kulu, kin san abin da kike saya?" Na ce na sani. Ya ce shi ba zai sa albarka a wannan al'ada ba, amma zai tsaya kada a wuce gona da iri, ya juya ya faɗa wa jama'a, suka amsa.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Lantana, aka kwantar da Zinatu. Gidan ya cika maƙil, har kan katanga, amma tsit kake ji, sai ƙugin babur daga waje. Yarinyar ta farfaɗo, idonta na yawo. Baba ya saki hannuna daga bakin zaure. Ina jiran in ga ya zame kamar yadda ya saba, sai na ji wani abu: tim. Tim. Ubana ne ke buga ƙafa a ƙasa, da dukan tafin, yana jan silifa, yana gyaran murya, kamar wani baƙauyen da bai taɓa shiga daji ba. Bai iya ba ma, sai tangaɗi yake yi.

"Zinatu," yake cewa da ƙarfi, "ni ne, Baba Tanko. Ga ni nan tafe. Kin ji ni? Ta gabanki zan zo. Mutum ne, ba tsuntsu ba."

Yarinyar ta juyo da kai tana kallonsa har ya iso, ba ta yi ihu ba. Ya tattare riga ya tsallake ta, ya juyo ya sake, ya sake, yadda suka nema. Wata mata ta yi salati, wani daga kan katanga ya ce, "Ya saki!" Ni ban tsaya ji ba. Na sunkuce yarinyar na fita da gudu na ɗora ta a cinyar uwarta, na ce da mai babur in ya tsaya a hanya Allah ya isa. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji takun ubana, kuma da na dawo na same shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, an yi masa da'ira daga nesa, yana tambayar ina Inna ta shiga.

Daga Zango aka wuce da ita Daura, aka yi mata ƙarin jini da ƙarin ruwa. Malamin asibitin ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai gawa. Lantana da kunnenta ta ji, ita ta faɗa wa Liman. Amma da Zinatu ta dawo gari da ƙafarta, abin da na faɗa shi ya faru, ko wasali bai canza ba. Maye ya saki. Wanda ma da yake shakka, yanzu ya samu hujja: ga ta nan tana tafiya.

Ba a kore mu ba, ba a sake zuwa da sanda ba. Abin da aka yi ya fi haka ciwo. In na aika da tuwon sadaka, a dawo da kwanon yadda yake, ko a zuba wa kare. Masu sayen ƙuli-ƙulina suka ɗauke ƙafa. Ku kanku kun tuna yadda aka daina zama kusa da ku a makarantar allo. Gero na shiga rumbu, dangin saurayin Saude suka aiko tsofaffi biyu, suka zauna a zaure, ko ruwan da aka kai musu ba su taɓa ba, suka ce an duba an ga taurarin yaran ba su haɗu ba. Saude ta yi wata ba ta yi mini magana ba. Saude, na san har yau in kin tuna yaron nan ranki na sosuwa, ko da Allah ya ba ki wanda ya riƙe ki da mutunci. Ba zan ce miki bai kai abin kuka ba, ya kai, ni ma na yi.

Baba bai sake fita ba. Ban sani ba ko ya tuna abin da ya faru, ko jikinsa ne kawai ya gaji. Kan burtun kuwa, Yaya Sani ya ƙone shi. Sanyi na shigowa Baba ya kwanta, bai tashi ba. Mutumin da ya ciyar da rabin garin nan nama a shekarun yunwa, sahun jana'izarsa bai cika biyu ba, kuma Malam Liman da kansa ya yi masa wanka don an rasa mai taimaka wa Yaya Sani. Bayan arba'in na kwashe ku muka dawo Daura, inda ba a san mu ba. Ko a nan ɗin sai da labari ya biyo mu, don baki ya fi mota sauri. Yaya Sani ya cika alkawarinsa, bai sake taka gidana ba. Yana cewa da na bari an je kotu, da an wanke sunan Baba da takarda. Wataƙila da an wanke. Sai dai a ranar da alƙali zai zauna, Zinatu ta kwana uku a ƙasa.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Kakanku ba maye ba ne. Maharbi ne da daji ya ƙare masa, hankali ya gudu ya bar shi da ƙafafu. Kuma ba jan shi na yi ba kamar rago, shi ya nemi hularsa. In wani ya sake jifan ku da wannan suna, kada ku sunkuyar da kai, kada kuma ku tsaya dambe, ku dai san yadda aka same shi.

Bara waccan na je kasuwa sayen kayan miya, ina cikin taya kuɓewa, sai na ji ana kallona. Na ɗago, ga wata mata cikakkiya, da goyo a baya, da wani ɗan yaro mai kumatu riƙe da gefen hijabinta. Idon Lantana ne sak a fuskarta. Na saki kuɓewar, bakina har ya buɗe zan ce Zinatu. Ta gane ni, na ga lokacin da ta gane ni. Ta fizgo yaron ta tura shi bayanta, ta ja hijabi ta rufe kan goyon, leɓunanta na motsi tana neman tsari, ta ja da baya har ta taka tumatirin mutane, sannan ta juya ta kutsa cikin jama'a.

Mai kuɓewa ya ce, "Hajiya, lafiya? Kin san ta ne?"

Ni dai ina leƙen yaron. Ƙafafunsa ƙatta-ƙatta, yana gudu yana waiwaye, uwar na jan shi. Zuciyata ta yi zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma na bi su da ido har suka ɓace, na ce a raina: ɓoye su, 'yar nan, ɓoye su da kyau. Ai sai mai rai ke gudun maye.